Kwalayen Kyari a Cikin Buhun Wake

Ruwan farko na bana ya same ni a gonata ta Dusuman, na ajiye buhun iri a kan kunya ina gyara ƙotar fartanya. Na juyo na ga ruwa yana dukan buhun, sai gabana ya faɗi kamar na yi laifi. Na ruga na rungume shi, alhali iri ne kawai a ciki, ruwa ba ya yi masa komai. Maƙwabcin gonata ya yi ta dariya yana tambaya ko jariri na ɓoye a ciki.

Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce kowa ya rubuta wani lokaci da ya kasa mantawa. Shekarata uku ina zuwa ajin, hannuna har yanzu a hankali yake tafiya, amma wannan na san shi daga farko har ƙarshe. Damina ce ta shekarar da aka yanke layin waya a Maiduguri, azumi kuma ya faɗo a cikinta.

A shekarar ban yi shuka ba. Daga gidanmu na Ajilari zuwa Dusuman sai mutum ya ratsa gari gaba ɗaya, kuma ko ya isa ba shi da tabbacin wa zai tarar a bayan gona. Yaran nan masu bindiga suna daji, sojoji suna kan hanya, mu muna tsakiya. Waɗanda suka yi ƙarfin hali suka je an ce musu kada su shuka abin da zai fi mutum tsawo, wato ban da gero ban da dawa. Ni na haƙura. Na koma zaman rumfar hatsi ta wani ɗan'uwana a Kasuwar Litinin, ina auna wa mutane wake da masara, in dawo gida kafin dokar hana fita.

Zafin farkon azumin nan ba na jin na taɓa ganin irinsa. Hadari ya haɗu a gabas kullum, ya yi baƙi, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Kwanon rufi ya yi ta ƙara da rana kamar ana taka shi. Babu wutar lantarki, babu ƙanƙara. Mai moya da ke turo mana ruwa a kura ya koma zuwa sau ɗaya a kwana biyu. Gawayi ya yi wuya saboda masu shiga daji sun daina shiga. Matata Falmata ta koma hura wuta sau ɗaya a yini, da la'asar: ta dama kunun tsamiya, ta soya ƙosai kaɗan, ta tuƙa abin da za mu ci da dare mu rage na sahur. Nama sai dai mu ji ƙamshinsa daga wani gida, shi ma ba kullum ba. Idan iska ta buga ƙofar langa-langa da ƙarfi, sai ka ga kowa a tsakar gida ya kwanta a ƙasa, sannan mu tashi muna kakkaɓe jiki ba mai kallon wani.

Ɗanmu na fari, Kyari, yana shekarar ƙarshe a kwalejin fasaha, yana karanta zane da talla. Lokacin da ya zaɓi wannan karatun ban gane ba. Na ce masa talla ai yara mata ke yi da faranti a ka, me ya kai shi makaranta. Ya yi dariya ya ce, "Baba, nawa tallan ba ya yawo. A bango yake tsayawa, mutane su zo su same shi." Daga nan in muka wuce allon wani shago sai ya tsaya ya nuna mini, wannan haruffansa sun cushe, wancan ja ya cinye rubutun, wancan kuwa ko daga cikin keke za a karanta shi. Ni ban san harafi ko ɗaya ba a lokacin, amma na fara gane wanda ya yi kyau.

Shekararsa ashirin da biyu, dogo, ga ɗan gemu ya fara fitowa. A wannan daminar ba abin da ya fi wannan haɗari a garinmu. In aka ji ƙara a wata unguwa, samari ake tarawa a filin makaranta ko bakin masallaci a zaunar da su a rana. Wasu su dawo da yamma, wasu bayan sati. Ɗan maƙwabcinmu mai gyaran rediyo an tafi da shi tun kafin azumi, uwarsa kullum tana zaune a ƙofar gida tana kallon bakin layi. Saboda haka na kafa wa Kyari doka: ba kasuwa, ba majalisa, masallaci ma na cikin layinmu kawai. Ya aske gemun da kansa ban ce masa ba.

Aikinsa na kammala karatu shi ne ya ɗauki wata haja ya yi mata talla cikakke, da suna da tambari da takardar mannawa a kwalba da babban hoton bango. Ya zaɓi turaren wutar da uwarsa take haɗawa tana sayar wa matan unguwa. Abokan karatunsa a shekarun baya da kwamfuta suke yi su kai a buga musu. Shi kuwa babu wuta, shagon bugawar ma mai shi ya rufe ya koma garinsu. Malaminsu ya ce kowa ya yi da hannu.

Haka ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, da fararen kwalaye biyar, da rula da reza da buroshi, da ƙananan kwalaben fenti irin wanda ake damawa da ruwa. Daga hantsi yake farawa. Ya ɗaura tsumma a goshi don kada gumi ya ɗiga a kan aikin. Harafi ɗaya sai ya ɗauke shi tsawon lokacin da zan auna buhu guda. Ruwan da yake wanke buroshi da shi daga rabonsa na alwala yake ragewa. Ya sa Falmata ta riƙe kasko da hannu ɗaya na tsawon wuni biyu yana zana hannun nata.

"Kai, hannuna ya sage," in ji ta. "Ka zana na ubanka mana, ai shi ba ya aikin komai yau."

"Mama, wa zai sayi turare in ya ga hannun Baba? Sai dai in tallan fartanya zan yi."

Ranar muka yi dariya har muka manta muka ɗaga murya. A kwali na uku hannun ya fito da lallensa da zobensa, hayaƙi yana tashi daga kaskon yana lanƙwasa ya zama rubutu. Bayan hoton kore ne mai duhu. Na daɗe ina kallonsa. Matan da ke zuwa sayen turare sai su tsaya a kansa su ce wallahi hannun Falmata ne.

Ana cikin goman tsakiya na azumi wata 'yar ajinsu ta aiko da saƙo ta bakin mai keke: malami zai zauna a makaranta ranar Alhamis kaɗai, daga safe zuwa azahar. Wanda aikinsa bai iso ba sai wata shekara, in akwai wata shekarar. Tsakaninmu da makarantar akwai shingen sojoji biyu. A kowane shinge sai an sauka daga keke, a ɗaga hannu sama, a taka a ƙasa har a wuce.

Ranar Alhamis ɗin da safe Kyari ya fito da jakar da suke saka irin wannan aikin, wata baƙa mai faɗi kamar murfin akwati, mai zif, ruwa ba ya shigarta. Da na ganta sai na hango shi yana tunkarar shinge, saurayi, da baƙar jaka wadda ba wanda ya taɓa ganin irinta.

"Ba za ka je ba," na ce. "Ni zan kai."

"Baba, in suka tambaye ka mene ne fa?"

"In ce tallan turare ne. Ƙarya ce?"

Uwarsa ta ce, "Ka bar ubanka ya je. Furfurarsa ta fi takardarka amfani a hanya."

Ya yarda, amma a kan jakar muka yi gardama. Na ce ba zan riƙe ta ba. Tsoho da buhu ba wanda yake kallonsa sau biyu, kullum haka nake wucewa. Na ɗauko babban buhun wake, na bar wake kaɗan a gindinsa, na ce a jera kwalayen a ciki. Ya ce to bari ya naɗe su a leda tukuna. Na hana. A wancan lokacin abin da aka naɗe a leda aka ɗaure shi ake tsoro, na ga yadda aka sa wani mutum ya kwance ƙunshin kifi da haƙoransa, hannuwansa a sama.

"Baba, fentin nan na ruwa ne. Ko raɓa ta taɓa shi ya tafi."

Na fita tsakar gida na ɗaga kai. Sama fes, iska daga yamma take busowa, tururuwa ba ta kwashe ƙwai ba. Na ce masa, "Shekara talatin ina noma. Yau ba ruwa kafin la'asar. Kai ka san fenti, ni na san sama."

Ya sa tsofaffin jaridu tsakanin kwali da kwali, ya jera su da kansa, ya riƙe bakin buhun na ɗaure. Ya rako ni har zaure ya tsaya daga ciki.

Shinge na farko na wuce lafiya. Sojan ya taɓa buhun da ƙafa ya ji wake, ya yi mini alama da kai. Na ce a raina, ka gani ko, Kyari.

A shinge na biyu layin ya yi tsawo, mun kai mu hamsin. Muna tafiya kaɗan-kaɗan, ni ina jan buhun da hannu ɗaya, ɗayan a sama. Sai aka ji ƙara daga can wajen kudu, mai nauyi, irin wadda ake ji a tafin ƙafa kafin kunne. Sojojin suka faɗa bayan buhunan yashinsu. Ɗaya ya daka tsawa: kowa ya ajiye kayansa a ƙasa, ya ja baya taku uku, hannu biyu sama, wanda ya motsa shi ya sani.

Na jingina buhun da dutsen bakin titi, na ja baya. Muka tsaya. Rana tana dukan ƙeya, bakina ya bushe har harshe yana manne wa dasashi. Wata mata a gabana da goyo, yaron yana kuka, ba ta isa ta sauke hannu ta jijjiga shi ba, sai rawa take yi da ƙugu a hankali.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba kafin na ji iska ta juya. Sanyi ya taɓa mini wuya ta gabas. Ban juya kai ba, da wutsiyar ido na ga hadarin, baƙi ƙirin, ya taso daga ƙasa kamar bango. Duk kwanakin nan yana haɗuwa yana watsewa. Na roƙi Allah ya watsa shi yau ma. Ni manomi, da azumi a bakina, a shekarar da kowa ke roƙon ruwa, ina tsaye ina roƙon kada a yi.

Ɗigon farko ya faɗo a kan buhun, na ji ƙararsa. Sannan aka sake shi gaba ɗaya.

Taku uku ne tsakanina da buhun. Da zan cire rigata in rufa masa, da ko rabi ya tsira. Na dubi sojan da ke fuskantarmu. Yaro ne, bai fi Kyari ba, ruwa yana zuba daga hular ƙarfensa, bakin bindigarsa yana rawa. Na gane shi ma tsoro yake ji, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Na sauke gwiwar hannuna kaɗan don in gwada. Bindigar ta juyo wajena. Na mayar.

Haka na tsaya ina kallo. Buhun ya jiƙe ya yi duhu, ya fara lanƙwasa daga sama. Can sai na ga wani ruwa kore yana fitowa daga gindinsa, yana bin gefen titi. Bayansa ja ya biyo. Suka haɗu suka gangara cikin kwata. Kafaɗuna suna ci kamar an zuba barkono, yatsuna sun daina jin komai, amma ba su nake ji ba. Wani dattijo a gefena ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya motsa leɓe sosai ba, "Malam, kayanka na zubar da jini." Na ji tsoron kada sojan ma ya ga jan ya yi tunanin wani abu.

Ya gani kuwa. Da ruwan ya tsagaita aka fara sakin mutane ɗaya-ɗaya, ni aka ce in tsaya. Ya nuna buhun da bakin bindiga, daga nesa.

"Baba, buɗe. Sannu-sannu."

Yatsuna suka ƙi kama igiyar. Da haƙori na kwance. Na zaro kwali na farko, ya rabe biyu a hannuna kamar tuwon da ya kwana. Na biyu jarida ta manne masa. Sojan ya matso taku ɗaya.

"Me an rubuta?" Hausarsa ba ta nuna ba.

"Ranka ya daɗe, ban iya karatu ba."

"Ba ka iya karatu, kana ɗauka takarda? Wa ya ba ka?"

In na ce ɗana, zai ce ina ɗan, shekararsa nawa, me ya hana shi zuwa da kansa. In na ce ban san mai shi ba, na kashe kaina. Na ce, "Tallan turare ne. Na makaranta."

Na zaro na uku, wanda yake tsakiya. Koren ya zube ya bar fari-fari, hayaƙin ya narke, amma hannun yana nan da zobensa, da wasu haruffa a ƙasa. Ya karkata kai yana haɗa su.

"Fal-ma-ta. Wane ne Falmata?"

"Matata ce. Hannunta ne wannan."

Ya dubi hoton, ya dube ni, jiƙaƙƙen tsoho da kore har gwiwar hannu. Wani abu kamar dariya ya zo masa ya koma. Ya ce, "Kwashe. Tafi."

Na isa makarantar ana kiran azahar. Ciyawa ta fito a tsakiyar hanya, azuzuwa a rufe, ba kowa sai mai gadi. Ya nuna mini wani ɗaki. Malamin, Malam Ishaku, mutumin Biu ne mai tabarau, yana haɗa takardunsa zai tafi. A jikin bango an jingina baƙaƙen jakunkuna, ba su kai goma ba.

Na gaishe shi na ce ni mahaifin Kyari Modu ne. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ina Kyarin?"

"Yana gida."

"Gida dai? Da idonka ka baro shi?"

"Da idona, Malam."

Ya sauke numfashi ya zauna. Sai a lokacin ya dubi buhun. Muka fito da kwalayen tare muka shimfiɗa a kan siminti, wake yana zubowa yana gangarawa ƙarƙashin tebur. Biyu sun zama dusa. Biyu launi ne kawai ya cakuɗe. Na gaya masa komai, jakar da na ƙi, ledar da na hana, da maganar da na yi a kan sama. Na ce laifin nawa ne, yaron kwana ashirin yana durƙushe a kansu, in akwai hukunci a yi mini.

Malamin ya tsuguna a gaban na ukun, ya cire tabarau ya kusantar da fuskarsa, ya bi gefen haruffan da yatsa ba tare da ya taɓa ba. Ya ɗauko rula ya auna wani abu. Ya buɗe wani littafi mai zane-zanen fensir ya duba, ya sake duba kwalin. Sannan ya yagi takarda ya yi rubutu, ya ninke ya miƙo mini.

"Ka kai masa. Ka yi sauri, Baba, kafin a rufe hanya."

Ban tambaye shi abin da ya rubuta ba. Na ji tsoron in ji, sannan in ɗauko maganar a bakina har gida. Na sa takardar a cikin hulata na mayar a ka. A shingayen nan biyu na sake ɗaga hannu, kowane taku kamar ana zare mini jijiya, ina jin takardar tana taɓa tsakar kaina. Sau biyu na yi niyyar tsayar da wani mai karatu a hanya ya duba mini, na fasa.

Na shiga gida rana ta yi ja. Tsakar gida duk laka, Falmata ta jera bokitai da tukwane sun cika da ruwan sama. Kyari yana tsaye a bakin zaure, inda na bar shi. Bai dubi fuskata ba. Rigata ya duba, da koren da ya bushe a hannuwana, da jan da ke gefen wandona. Ya san fentinsa.

Na sunkuyar da kai na ce ya cire hular da kansa, akwai saƙo a ciki.

Ya warware takardar. Ya karanta sau ɗaya, ya koma farko. Uwarsa ta taso da ludayi a hannu.

"Kai, ka faɗa mana mana. Ka tsaya kamar an dasa ka."

"Ya ce ya karɓa," in ji Kyari. "Ya ce kwali ɗaya ya ishe shi ya gane aikin, sauran ya gan su a fensir tun a aji. Na ci. Ya ce kada in kuskura in zo makaranta sai an neme ni."

Falmata ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gyale. Ni na jingina da bango na sulale ƙasa.

"Biyu sun narke gaba ɗaya, biyu sun cakuɗe," na ce. "Na uwarka ne kawai ya rage, shi ma koren ya tafi. Ka faɗa mini, ban ji ba."

"Ina ruwan ya same ka?"

"A shinge na biyu."

"Kana layi?"

"Ina tsaye. An ce kada a motsa."

Ya daɗe yana kallona. Aka kira magariba daga masallacin layi. Falmata ta zuba kunu a kofi ta ajiye a gabana. Na kai hannu na kama kofin, na ɗaga shi bai fi tsawon yatsa ba daga ƙasa, kafaɗata ta ƙi. Na gwada da hagu, ita ma haka. Kunun ya fara zuba a kan tabarma.

Kyari ya tsuguna a gabana ya karɓi kofin. Ya hura shi sau biyu, ya kai mini baki.

"Bismillah, Baba," ya ce. "A hankali, da zafi."